Tsadar Ban-ruwa a Jazira da Sinnar: A Kan Wa Nauyin Ke Sauka?

Wanda bai san ƙasar ba, in ya ji an ce manoman Sudan suna kuka da tsadar ruwa, sai ya riƙe baki. Ƙasar da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu a tsakiyar babban birninta? Bai yi laifi ba in ya yi mamaki. Yarjejeniyar da Masar da Sudan suka sa wa hannu a 1959 ta ware wa Sudan ruwa kubik mita biliyan 18.5 a shekara, Masar kuma biliyan 55.5, kuma shekara da shekaru Sudan ba ta ma shanye nata kason. Ruwa yana nan a kogi, ba wanda ya sa masa farashi. Abin da ke cin aljihu shi ne tafiyar da zai yi daga kogi zuwa gindin shuka, da isowarsa a ranar da shukar ke bukata, kafin ta sunkuyar da kai.

Gara a fara sanin nauyin kayan da ake ɗauka. A Sudan da fadan ake auna gona, fadan ɗaya kuwa murabba'in mita 4,200 ne, bai cika rabin hekta ba. In ana so a kwantar da ruwa mai zurfin santimita 10 a fadan ɗaya, sai an kawo kubik mita 420. A lissafin duro mai cin lita 200, duro 2,100 ke nan, a shayarwa ɗaya tak. Alkama, da ake shukawa a Nuwamba a girbe wajen Maris, tana son ruwa kusan duk mako biyu, sau bakwai ko takwas kafin ta nuna. Albasa da tumatir sun fi ta naci. Wannan tulin ruwa ko dai ya gangaro da kansa, ko wani abu ya ɗaga shi, kuma duk abin da ke ɗaga ruwa man gas yake ci ko wutar lantarki.

Aikin noman Jazira a kan gangarowa aka gina shi. Turawan Ingila sun lura cewa filin da ke tsakanin kogunan biyu yana da ɗan gangare daga kudu zuwa arewa, ƙasarsa kuma baƙar laka ce mai riƙe ruwa, sai suka gina madatsar Sinnar, aka kammala ta a 1925. Ruwa yana fitowa daga madatsar ya bi babbar tura'a, wato magudanar ruwan da aka haƙa, ya rabu cikin manyan rassa, ya shiga ƙananan tura'o'i, sannan ya faɗa abu ishirin, ramin da ke bin gefen gonaki. Daga nan abu sitta ke shigar da shi cikin hawasha, gonar da aka yanka wa kowane manomi. Da aka ƙara filin Manakil a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, aikin ya haura fadan miliyan 2. Wanda ya san Kadawa da Kura a Kano, inda ruwan Tiga ke gangarowa, ya san irin tsarin, sai dai ya ninka girman a ransa fiye da sau talatin.

A zamanin farko manomi bai san wani abu wai shi kuɗin ruwa ba. Ribar auduga ake kasawa uku: kashi 40 na gwamnati, 40 na masu hawasha, 20 na kamfanin Turawa da ke tafiyar da aikin, har 1950 da hukumar Jazira, mai hedikwata a Barakat kusa da Wad Madani, ta karɓi ragama. Ɗawainiyar madatsa da tura'o'i a wuyan gwamnati take, tana fanshewa daga kasonta. Manomi yana biya, amma ba ya gani. A 1981 aka soke wannan asusun haɗaka, aka ce kowa ya riƙe asusunsa, ya biya kuɗin ƙasa da ruwa gwargwadon yawan fadan da irin abin da ya shuka. Tun daga ranar ruwa ya shiga takardar bashi.

Dokar 2005 ta zo ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta kuma ɗora kula da ƙananan tura'o'i a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A kunne abin yana da daɗi, kuma ba ni cikin masu cewa a mayar da manomi zamanin da mufattish, wato jami'in duba gonaki, ke tsaye a kansa yana faɗa masa ranar shuka. Sai dai tura'o'in an zana su ne don kowa a layi ɗaya ya shuka abu ɗaya a lokaci ɗaya, ruwa ya riƙa zagayowa bi da bi. Yanzu wannan ya sa gyaɗa, maƙwabcinsa ya sa albasa, na gaba ya sa dawa, kowa da ranar ƙishinsa. A shekarun da suka biyo baya an sallami ma'aikatan aikin da dama, an sayar da kadarori, har layin dogon da ke jigilar auduga bai tsira ba.

Babban abokin gabar Jazira kuwa laka ce. Shuɗin Nilu daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, kuma a Yuli da Agusta ruwansa kan yi kauri da ƙasar da ya wanko. Lakar ta shiga tura'a ta kwanta, ciyawa ta tsiro a kanta, hanyar ruwa ta tsuke. Dole a riƙa yasa kowace shekara, yasa kuwa injin haƙa take so, da mai, da kayan gyara da dala ake sayo su. In kuɗin da aka tara bai isa ba, sai a yashe wani sashe a bar wani. Wani lokaci ma yasar ce ke ɓata lamarin: a haƙe tura'a ta zurfafa fiye da yadda aka zana ta, ruwa ya kwanta ƙasa da bakin bututun da ke kai shi abu ishirin. Manomi yana ganin ruwa da idonsa, ga shi nan kwance, amma ba zai hau gonarsa ba.

A je ƙarshen wata ƙaramar tura'a a watan Janairu, bayan sallar isha'i. Waɗanda ke farkon tura'ar sun sha sun ƙoshi tun da rana, abin da ya rage ne ke lallaɓowa. Mutum zai sauke ɗan injin ban-ruwa daga amalanken jaki, ya ɗaure bakin tiyo da tsumma ko ragar sauro don kada ya zuƙi ciyawa, ya tona ɗan gurbi a cikin lakar inda ruwa zai taru, ya ɗura mai daga jarka yana auna shi da idon tocila. Injin ya tashi, ya yi ta jan ruwa, can sai ya fara shaƙar iska saboda gurbin ya ƙafe. A kashe, a jira ruwa ya sake taruwa, a kuma tayarwa. Haka za a kwana. Wannan gonar a takarda tana cikin aikin da ruwa ke gangarowa da kansa, kuma da kaka za a nemi kuɗin ruwanta cif, daidai da na gonar da ke farkon tura'a, domin da fadan ake lissafi, ba a duba yawan ruwan da ya iso.

Mutanen ƙarshen tura'a ke nan suna biya sau biyu, ɗaya ga hukuma, ɗaya ga mai sayar da man gas. Daga nan zaren ke ƙullewa. Wanda ya ƙona kuɗinsa a mai ba ya jin hukuma ta cancanci ko sisi, sai ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa. Kuɗin da aka tara ya ragu, yasa ta ragu, baɗi ƙishi ya ƙara matsowa tsakiyar tura'a. Hukuma ta duba asusu ta ga giɓi, ta ƙara kuɗin fadan. Ni a ganina ƙarin kuɗin ba shi ne zaluncin ba, tura'a ba ta yasar kanta, kuma hauhawar farashi ta sha cinye kuɗin da aka yanka tun kafin a gama karɓarsa. Zaluncin shi ne karɓar kuɗin abin da ba a kawo ba.

A wajen Jazira kuwa, a gaɓar Shuɗin Nilu daga Sinnar zuwa Sinja, da gaɓar Farin Nilu wajen Kosti, da arewa can Shandi da Dongola, ruwa ba ya gangarowa gona. Ɗaga shi ake yi. Da can da sakiya ake yi, wato keken ɗiban ruwa da shanu ke juyawa, daga baya injin gas ya maye gurbinta. Manomin nan farashin mai shi ne farashin ruwansa, ba wani kewaye-kewaye. Kuma ba tsayayye ba ne ko a cikin shekara ɗaya: da rani ya yi nisa kogi yana ja da baya, tiyo ya ƙara tsawo, tudun da ruwa zai hau ya ƙaru, injin ya ƙara shan mai a daidai lokacin da zafi ke sa shuka ta ƙara neman ruwa.

Labarin man kuwa sananne ne. A Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. A Satumban 2013 aka rage tallafin mai, aka yi zanga-zangar da ta ci rayuka. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta karya darajar fam, kuɗin Sudan, a Fabrairun 2021, dala ta tashi daga fam 55 a farashin hukuma zuwa wajen 375, sannan a watan Yunin shekarar ta cire tallafin fetur da gas baki ɗaya. Hauhawar farashi a wannan shekara ta wuce kashi 300 cikin ɗari. Masana tattalin arziki suna da hujjarsu, tallafin yana tsiyayewa ta hanyar fasa-ƙwauri da 'yan bumburutu, manomi ma sau da yawa ba ya samun man a farashin hukuma sai bayan layi na kwanaki. Amma amfanin gona sau ɗaya ko biyu ake sayar da shi a shekara, mai kuwa kowane mako ake saye, kuma kowane mako da sabon farashi.

Manoman arewa da suka sauya daga gas zuwa lantarki bayan an buɗe madatsar Marawi a 2009 sun ɗauka sun tsira. A Janairun 2022 aka ninka kuɗin wuta, ana tsakiyar noman alkama, suka fito suka tare babbar hanyar da ke zuwa Masar, manyan motoci suka yi cirko-cirko na makonni. A wannan kakar kuma gwamnati, bayan an sanar da farashin fam 43,000 a buhun alkama, ta ce ba ta da kuɗin saye. Mutum ya sayi ruwa da tsada, ya noma, ya rasa mai saye a farashin da ya yi lissafi da shi.

Sai yaƙi ya zo a 15 ga Afrilun 2023. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojan ƙasar, sun kama Wad Madani a Disamban shekarar, soja ba su ƙwato ta ba sai Janairun 2025. Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, aka ƙwato ta a Nuwamba. An sace injuna da taraktoci, an watsa ofisoshi da rumbuna, tura'o'i da yawa suka yi kaka biyu ba yasa. Matatar mai ta Jaili da ke arewa da Khartum ta tsaya, mai ya koma zuwa a tanka daga Bur Sudan, ana biyan kuɗi a shingaye. Jirage marasa matuƙi sun sha kai wa tashar wutar Marawi hari a 2025, injunan lantarki suka yi shiru a tsakiyar shayarwa. Dala da take wajen fam 600 kafin yaƙi ta wuce 2,000 a kasuwar bayan fage tun a 2024.

Duk wannan ya shafi kowane manomi. Amma bai shafi kowa daidai ba, kuma nan ne maganar ta zo kan mutanenmu.

Hausawa da Fulani sun shigo wannan ƙasa ta hanyar aikin hajji, wasu kuma ta hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar, a ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Da aka buɗe Jazira, hannunsu na cikin waɗanda suka tsinci audugarta. Wasu sun sami hawasha, amma akasari sun zauna a matsayin 'yan ƙwadago da masu noman tarayya, tare da mutanen Darfur da Kurdufan, a unguwannin da ake kira kanabi, a gefen tura'o'i. Jikokinsu a nan aka haife su, 'yan Sudan ne, amma sunan da ke cikin rajistar hawasha sau da yawa na wani ne, wanda watakila yana zaune a Madani ko Khartum ko ma Saudiyya.

Noman tarayya yakan kasance haka: mai hawasha ya ba da ƙasa, mai noma ya ba da ƙarfinsa da na iyalinsa, da kaka a raba, galibi biyu. Kuɗin ruwa na hukuma sananne ne, ana iya sa shi cikin sharaɗi tun farko. Man da za a ƙona da tsakar dare don ceto shukar da ruwa bai iso mata ba, wannan ba ya cikin sharaɗi, domin ba wanda ya san zai taso. Wanda ke tsaye a gonar, yana ganin ganye na naɗewa, shi ne zai sayar da akuya ya sayo jarka. Da kaka in ya kawo maganar, ko a yarda a cire kafin rabo, ko a ce ba da shi aka yi ba. In ya matsa, baɗi a ba wani gonar.

A bakin kogi, wajen Mai Wurno da ƙauyukan da ke bin gaɓa, inda ake noman ayaba da albasa da kayan miya, mai inji ne ke riƙe da wuya. Tun zamanin sakiya ruwa yana da kasonsa a amfanin gona, kamar yadda ƙasa ke da nata, aiki ke da nasa. Abin da ya sauya shi ne mai inji ba ya iya jiran kaka yanzu. Magana irin wannan ta zama ruwan dare:

“Kawu, a taimaka a ba ni awa uku gobe, albasar ta fara kwanciya.”

“Ɗana, injin nan ba ruwa yake sha ba. Kawo galan ɗinka da asuba a tayar maka. Kuɗin juye da gyara ma ai na bar maka sai kaka.”

Kawun bai yi rashin zumunci ba, shi ma da tsabar kuɗi ya sayo man jiya. Yaron kuma ba shi da takardar gona da zai kai bankin manoma. Masu takardar ma suna tsoron bankin, domin a Sudan wanda ya ba da cek ya dawo ba kuɗi yana iya zama a tsare har sai ya biya, kuma manoma da yawa sun ɗanɗana. Abin da ya rage wa yaron shi ne shel: ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi yau, ya karɓi buhuna da kaka a farashin da aka yanke tun shukar tana ƙarama, ƙasa da abin da kasuwa za ta ba shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ba shi da shi kuwa sai ya jinginar da amfanin da bai nuna ba.

Wanda shel ma bai samu ba, sai ya rage wa shuka. Maimakon mako biyu a yi uku. Alkama tana jure ƙishi a wasu matakai, amma in ya same ta tana fitar da kai ko tana cika ido, ƙwayar sai ta shanye, buhu goma ya koma shida ko biyar, kuma taki da irin da aka zuba duk an riga an biya. Wasu sukan noma rabin hawasha su bar rabi. Wasu sukan bar alkama su koma kabkabe, wani nau'in wake, ko dawa, waɗanda ba su da yawan ƙishi. Matasa da yawa sun ajiye fartanya sun tafi haƙar zinariya a arewa. Matan da ke samun na cefane a dashen albasa da tsintar auduga da cirar gyaɗa, in fili ya ragu su ne farkon rasa aiki, kuma ba wanda ke lissafa su cikin manoman da abin ya shafa. Akwai kuma wani abu da mutanen birni ba su cika tunawa ba: kanabi da yawa daga tura'ar suke sha, su yi wanka, su shayar da dabbobi, duk da tsargiyar da ke cikinta. In tura'a ta ƙafe, ruwan sha ma sai an saya a wurin mai amalanke.

Babbar madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu, wadda aka fara cikawa a 2020 aka ƙaddamar a Satumban 2025, ta shigo lissafin ta fuska biyu. Tana tare laka mai yawa kafin ta iso madatsun Rusairis da Sinnar, wannan zai rage wa Jazira kuɗin yasa. Tana kuma daidaita gudun kogi, da rani ba zai riƙa ja da baya kamar da ba, injin bakin kogi ya ɗan huta. Amma akwai masu noman jarfi, gaɓar da ambaliya ke rufewa ta janye ta bar danshi da sabuwar laka, a shuka ba inji ba taki. Noman talaka ne, kuma Hausawan bakin Shuɗin Nilu sun daɗe a cikinsa. In ambaliya ta daina hawa gaɓa, wannan gona ta koma mai bukatar inji da buhun taki. Mutumin da bai taɓa sayen ruwa ba zai fara saye.

Mafitar da kowa ke ambata ita ce injin hasken rana, kuma gaskiya ne yana aiki. Rana ba ta yankewa a Sudan, faifan sola ya yi araha fiye da shekaru goma da suka wuce, manoman arewa da dama sun sa sun huta da layin mai. Sai dai kuɗinsa gaba ɗaya ake biya tun farko, da dala ake auna shi, ba ya aiki da dare lokacin da ruwa ke isowa ƙarshen tura'a, kuma a lokacin yaƙi faifan sola na cikin abin da ɓarayi suka fi so. Waɗanda suka sa shi galibi masu ƙasa ne, ko masu ɗa a Jidda ko Riyad da ke turo riyal. Mai noman tarayya ba zai kafa ƙarfe da siminti a gonar da ba shi da tabbacin za a bar masa baɗi ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne mai sola ya zama sabon mai inji, yana sayar wa maƙwabta ruwa da awa, kuma farashinsa zai bi farashin gas ne, domin da shi ake gwada shi.

Yanzu da aka koma maganar farfaɗo da Jazira, ana batun yasa, da gyaran ƙofofin ruwa, da rabon iri da taki da mai. Irin wannan rabo da rajista ake yin sa, rajistar kuwa ta masu hawasha ce. Mai hawashar da ke zaune a birni zai iya karɓar man da aka ware wa fadan ɗinsa, ya kai gona ko ya sayar a kasuwa, ba mai tambayarsa. Wanda ya kwana a bakin abu ishirin da tocila, in ba mai hawashar ya ga dama ba, galan ɗinsa a wurin ɗan bumburutu zai ci gaba da saye.